Birki Kafin Kwana

Duk ranar Alhamis hanyar Gumel zuwa Maigatari cika take yi: tireloli ɗauke da shanu, motocin haya, 'yan acaɓa da amalanke, kowa na son ya riski kasuwa. Taka totur ba ya gagarar kowa a cikinsu. Abin da ke gagarar direbobi da yawa shi ne sanin lokacin taka birki, kuma a nan 'yan wani wasan mota na Amurka suna da abin koya mana.

Otokuros sunan wasan. Ana jera robobi masu tsini a fili, kamar wurin ajiye motoci ko tsohon filin jirgi, a tsara hanya mai kwane-kwane. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, agogo na ƙirga mata, wanda ya ture roba a ƙara masa daƙiƙa 2. Da motar gida yawancinsu ke zuwa, gudun kuma bai cika wuce kilomita 100 a awa ba. Abin da ake fara cusa wa sabon shiga shi ne ya gama birkinsa tun sitiyari na miƙe.

Dalilin yana ga taya. Abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai fi tafin hannu ba, kuma da wannan ɗan riƙon take tsayar da mota, da shi take juya ta. In birki ya cinye riƙon duka, babu saura na shan kwana. Sai ka ga direba ya murɗa sitiyari iya murɗawa, mota kuwa ta miƙe ta faɗa gona, a ce ta ƙwace masa. Ba ƙwacewa ta yi ba, aiki biyu ya ɗora wa taya lokaci guda. In gaba ya fara zamewa haka, ƙara murɗawa ba ya magani. A sassauta ƙafa, a ɗan warware sitiyari, taya ta sake kama ƙasa.

Gudu kuma ba ya yafiya. Wanda ya ninka gudunsa sau 2, nisan da birki ke buƙata ya ninku sau 4, haka ma ƙarfin da ke jan mota waje a kwana. Mai gudun kilomita 100 yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, tun ƙafarsa ba ta kai kan birki ba. Shi ya sa ido yake da muhimmanci: a riƙa kallon inda kwanar ta ɓulle, ba hancin mota ba, domin hannu ido yake bi. Kafin a shiga kwanar, a saki birki sannu a hankali, sai sitiyari ya fara miƙewa sannan a ba ta wuta.

Akwai dabarar 'yan tsere da ban yarda a ɗauko ba, wato yanke kwana ta ciki. Su fili nasu ne su kaɗai. Kai kuwa bayan kwanar akwai tirela, ko garken da ke tsallaka titi.

Ƙasarmu ta ƙara nata sharaɗin. A hanyoyin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar iska kan kwaso rairayi ta shimfiɗa a gefen titi, riƙon taya a kansa bai kusa da na kwalta ba. Motar da aka yi wa lodin buhuna har saman rufi kuwa nauyinta ya hau sama, kafin ta zame ma tana iya kifewa. Mai mota mai ABS, wato na'urar hana taya ƙullewa, in ya ji birki na rawa ƙarƙashin ƙafarsa, kada ya ɗaga, aikinsa yake yi. Wanda tasa ba ta da shi, in ya ji taya ta ƙulle tana ƙara, ya ɗan sassauta ya sake matsawa. Ɗan acaɓa kuma ya kiyayi damƙe birkin gaba a kan rairayi alhali babur na karkace, don tayar gaba ce za ta fara tafiya.