Wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara: Daga gindin Bagazam zuwa tsaunukan Turai, abin da ɗan koyo ya kamata ya sani

Watan Nuwamba na kamawa, sanyi ke fara sauka a Tabelot, garin manoman albasa da tafarnuwa da ke gindin tsaunin Bagazam a arewa maso gabashin Agadez. A daidai wannan lokaci ne kuma wuraren wasan zamiya na tsaunukan Alps ke buɗe ƙofofinsu, hotunan matasa sanye da tabarau da hular kwano su cika Instagram da TikTok. A cikin masu ɗora hotunan yanzu har da ɗalibai da ma'aikata 'yan Nijar da Najeriya da ke zaune a Faransa, Italiya, Jamus ko Kanada.

Bahaushe ya daɗe da sanin sunan Bagazam, amma ta dalilin doki ya san shi, wato ingarman nan na ƙasar Abzin da sarakuna ke alfahari da shi. Tsaunin da dokin ya ari sunansa shi ne mafi tsayi a Nijar. Ƙololuwarsa, Idoukal-n-Taghès, ta kai mita 2,022 daga doron teku. A garin Kitzbühel na ƙasar Ostiriya, inda ake gasar gangara mafi haɗari a duniya, 'yan wasa na tasowa ne daga tsayin mita 1,665. Ashe Bagazam ya fi wurin tsawo da sama da mita 350, amma babu wanda ya taɓa ɗaura allunan siki a kansa.

Sanyi akwai, laima ce babu

Dusar ƙanƙara na buƙatar abu biyu su haɗu a lokaci guda: iska mai tsananin sanyi, da gajimare mai ɗauke da ruwa. A tsaunukan Ayar waɗannan biyun ba sa zuwa tare. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare kan yi sanyin da ke kusa da daskarar da ruwa a saman tsauni, sai dai iskar hunturu ce, busasshiya, ta ratso Sahara ba ta ɗauko komai ba sai ƙura. Ruwan sama kuwa na zuwa ne tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da ƙasa ke da zafi. Shi ne ruwan da ke gangarowa ta ƙoramu ya cika rijiyoyin lambunan Tabelot.

A arewacin Sahara lamarin ya bambanta, saboda guguwar hunturu daga tekun Bahar Rum da Atlantika kan iso da laima. Shi ya sa dusar ƙanƙara ta rufe jan yashin Ain Sefra a Aljeriya a Fabrairun 1979, ta sake rufe shi a Disambar 2016 da Janairun 2018. Aljeriya na da wurin zamiya a Chréa kusa da Blida, Maroko na da Oukaïmeden a tsaunukan Atlas, kudu da Marrakech. A can ƙuryar kudancin nahiyar akwai Afriski a Lesotho, a tsayin kusan mita 3,000, inda kakar wasa ke kamawa daga Yuni zuwa Agusta. Masar ta bi sahun Dubai, ta buɗe filin zamiya na cikin gini a wani kantin zamani kusa da Alƙahira a 2017.

Farkon kaka: arha mai biyan kuɗi sau biyu

Ga ɗan ci-rani ko ɗalibin da aljihunsa bai da nauyi, ƙarshen Nuwamba da makonnin farko na Disamba ne ke jan hankali. Masauki da tikitin hawa sun fi sauƙi fiye da makon Kirsimeti ko hutun makarantu na Fabrairu. Amma arhar tana da dalili.

A farkon kaka dusar ba ta yi kauri ba tukuna. Duwatsu, kututture da ciyawa na nan kwance ƙarƙashin farin da bai fi 'yan santimita ba, ido kuma ba ya ganinsu. Tsofaffin 'yan wasa kan ajiye sababbin allunansu a gida su fito da tsofaffi, don sun san dutse zai kankare musu gindi. Yawanci layuka kaɗan ake buɗewa, sai gwani da ɗan koyo su cunkushe a gangara ɗaya, kamar a haɗa 'yan kabu-kabu da masu koyon keke a titi ɗaya.

Mafi yawan abin da ake zamewa a kai a wannan lokaci ma ba daga sama ya faɗo ba. Injuna ne ke feso ruwa da iska mai ƙarfi cikin dare, ɗigon ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Injunan ba sa aiki sai sanyi ya sauka wajen digiri biyu ƙasa da sifili, kuma suna shan ruwa sosai: tan ɗaya na ruwa na ba da dusar da ta kai wajen kibik mita biyu. Manomin Tabelot da ke lissafin kowace lita da injin ban-ruwansa ya jawo daga rijiya zai yi mamakin jin cewa ana gina madatsai a kan tsauni don wasa kawai. Dusar inji ta fi ta Allah tauri da nauyi. Da safe takan yi santsi kamar gilashi, faɗuwa a kanta kuma ba ta da daɗi.

Wanda ya ƙudura sai ya je a wannan lokaci, tsayi ne abin dubawa na farko. Val Thorens a Faransa na zaune a mita 2,300, shi ya sa yake cikin masu fara buɗewa a ƙarshen Nuwamba. Ƙananan wurare da ke ƙasa-ƙasa su ne ɗumamar yanayi ta fi taɓawa. La Sambuy, kusa da tafkin Annecy, ya rufe baki ɗaya a 2023 bayan shekaru na ƙarancin dusa da asarar kuɗi. Manyan gasa ma ba su tsira ba: an soke tseren da aka shirya tsakanin Zermatt da Cervinia a 2022 saboda babu isasshiyar dusa a ƙasan layin. Kowane wurin wasa na wallafa yawan layukan da ya buɗe da kaurin dusarsa kullum, kuma da yawa suna da kyamara ta kai-tsaye a intanet. Minti biyar na dubawa kafin a biya kuɗin jirgin ƙasa ya fi hoton talla gaskiya.

Kayan wasa: a yi haya tukuna

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne kashe kuɗi a kan riga mai sheƙi, a bar abin da ke riƙe ƙafa. Takalmi shi ne uwa uba. Na roba ne mai tauri, ya kamata ya kama diddige da ƙwauri ba tare da ya murƙushe yatsu ba. In ya yi yawa, ƙafa za ta riƙa yawo a ciki, allon ya ƙi bin umarni. Safa ɗaya doguwa ta isa, ninka biyu na hana jini gudana, ƙafar ta ƙara yin sanyi.

Sai maɗaurin da ke haɗa takalmi da allo. An ƙera shi ne ya saki ƙafa idan mutum ya faɗi, don kada allon ya murɗe gwiwa ko ya karya ƙwauri. Mai shagon haya zai tambayi nauyi, tsawo, shekaru da matakin ƙwarewa, da su yake saita lambar da ake kira DIN. Nan ne son girma ke jawo wahala. Saurayin da bai taɓa taka dusa ba, in ya ce shi gwani ne don kada abokai su yi masa dariya, za a ɗaure masa maɗaurin da ƙarfi, ya faɗi bai sake shi ba. Tsinkewar jijiyar gwiwa na cikin raunukan da suka fi yawa a wannan wasa, kuma jinyarta watanni take ci. Ga mai aikin ɗaukar kaya ko kai saƙo a kan keke, wannan na nufin watanni babu albashi, babu abin aikawa gida.

Hular kwano ba abin jayayya ba ce. A ranar 29 ga Disambar 2013 tsohon zakaran tseren motoci Michael Schumacher ya faɗi ya bugi dutse a wani ɗan fili tsakanin layuka biyu a Méribel. Likitocinsa a Grenoble sun ce ba don hular ba da bai rayu ba. 'Yar fim Natasha Richardson kuwa a layin 'yan koyo ta faɗi a Mont-Tremblant na Kanada a Maris ɗin 2009, babu hula a kanta, ta tashi tana magana kamar ba komai, kwana biyu bayan nan ta rasu. Duk wanda ya bugu a kai, asibiti ne wurinsa ko da yana jin garau.

Tufafi hawa uku ake sawa: na ciki mai tsotse gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Auduga, wadda ta fi komai daɗi a zafin Maraɗi, a nan abokiyar gaba ce, tana jiƙewa da gumi ta manne a jiki da sanyi. Tabarau dole ne, domin farar dusa na mayar da hasken rana cikin ido har ta ƙona shi, kuma baƙar fata ba ta hana hakan.

Akwai kuma maganar inshora, wadda mutanenmu kan ɗauka ɓarnar kuɗi ce. A Faransa, idan masu ceto suka sauko da mutum daga kan layi a kan makara mai zamiya, shi zai biya, kuma kuɗin na kai ɗaruruwan yuro, in jirgi mai saukar ungulu ya shigo ya haura haka nesa. Ana sayar da inshorar yini tare da tikitin hawa a kan 'yan yuro kaɗan. A Italiya, tun 1 ga Janairun 2022, doka ta wajabta wa kowane ɗan wasa inshorar da za ta biya wanda ya buge.

Launin allunan da ke bakin layi na faɗin wahalarsa. A Faransa kore na ɗan koyo ne, sai shuɗi, sai ja, baƙi na ƙwararru. A Amurka da Kanada babu ja, daga shuɗi sai baƙi. Dokar hanya kuma ɗaya ce ko'ina: wanda ke gabanka a gangara shi ke da hanya, kai da ke sama kai za ka kauce masa.

Tsere ba sai ƙwararre ba

Gasar cin kofin duniya na buɗewa ne a ƙarshen Oktoba a Sölden na Ostiriya, a kan ƙanƙarar da ba ta narkewa duk shekara, daga nan a wuce Levi a Finland, inda ake bai wa wanda ya ci barewar ƙasar sanyi kyauta. Gudun da ake yi a wannan mataki ya wuce tunani: Bafaranshe Johan Clarey ya kai kilomita 161.9 a sa'a a Wengen a 2013.

Mai wasa don nishaɗi ma yana da nasa fagen. Makarantun koyar da siki na Faransa, ESF, na shirya gwaje-gwaje biyu kusan kowane mako, Flèche mai faɗin lanƙwasa da Chamois mai matsattsun ƙofofi. Malami ne ke fara sauka, sai a auna lokacin kowa da nasa, a ba da lambar tagulla, azurfa ko zinariya gwargwadon tazara. A Amurka tsarin NASTAR, da aka kafa a 1968, haka yake aiki. Wanda ya tsallake ƙofa ɗaya, an cire shi, komai saurinsa. Mafi girman tseren 'yan sa-kai shi ne Inferno a Mürren na Suwizalan, wanda aka fara a 1928. Mutum 1,850 ke shiga, tsawonsa kilomita 14.9, ko da yake a shekarun da dusa ta yi ƙaranci a kwari akan gajarta shi.

Nijar ba ta taɓa tura ɗan wasa gasar Olamfik ta hunturu ba. Najeriya ta fara zuwa a 2018 da tawagar mata. Amma a wasan gangara kansa, ɗan Senegal Lamine Guèye ya sauka a Sarajevo tun 1984. Labarin da ya fi kusa da rayuwar ɗan ci-rani shi ne na Kwame Nkrumah-Acheampong na Ghana. Aikin karɓar baƙi yake yi a wani filin zamiya na cikin gini a Milton Keynes ta Ingila, ya koyi wasan yana dab da shekara talatin, ya kuma wakilci ƙasarsa a Vancouver a 2010.

Yashi ma ana zamewa a kansa

Gangaren Bagazam dutse ne zalla, na mai tafiya a ƙafa ne da jaki. Abin da jihar Agadez ke da shi a madadin dusa yana gabas da arewa, inda yashin Tenere ke jingina da tsaunukan Ayar, a Arakao da Temet. Zamiya a kan yashi wasa ne da ake yi da gaske. A Hirschau ta Jamus akwai Monte Kaolino, tulin yashin da ya rage daga haƙar farar ƙasa, tsayinsa wajen mita 120, da na'urar hawa da ƙungiyar 'yan wasa. A Namibiya, Henrik May ya kafa tarihin gudun kilomita 92.12 a sa'a a kan tudun yashi kusa da Swakopmund a 2010, kuma garin na cin abinci da masu zuwa wannan wasa.

Tudun Temet sun fi tulin Jamus tsayi nesa ba kusa ba. Marigayi Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadez ke ɗauke da sunansa, da sunan wurin ya kira kamfaninsa na yawon buɗe ido. UNESCO ta sanya yankin Ayar da Tenere cikin kayan tarihin duniya a 1991. A wancan zamani jirage kan taso daga Paris kai-tsaye zuwa Agadez a lokacin sanyi, direbobi, masu raƙuma, maƙeran azurfa da masu lambu duk suna samu. Tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 suka tsayar da wannan kasuwa, har yau kuma ba ta dawo yadda take ba. Yawancin tsofaffin jagororin sun koma haƙar zinariya, tuƙi ko noman albasa.