Kafin Ka Tsaya Gaban Jami'in Biza

Da zarar an shiga zangon ƙarshe, hirar ɗalibai takan koma kan abu biyu: bautar ƙasa da fita waje. Wannan yana da yaya a Jidda, wancan wani ejan ya yi masa alƙawarin aikin wayarin a Riyad, wani kuma Amurka yake hange. Tambayar da 'yan'uwanmu na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa suka fi yi ita ce: wai me ake tambaya a intabiyu? Kuma yawanci tsoron Turanci ne ya sa suke tambayar. To, Turanci ba shi ne babbar matsalar ba.

Abu na farko da ya kamata ka sani, bizar aiki ba daga wurinka take farawa ba, daga wurin wanda zai ɗauke ka aiki take farawa. A Saudiyya, kamfani ko kafili ne yake samo izinin shigo da ma'aikaci daga hukumomin ƙasarsa, sannan takardunka su bi ta ofishin jakadancinsu na Abuja ko ƙaramin ofishinsu da ke nan Kano. A Amurka, kamfanin ne yake shigar da buƙata da sunanka, sai an amince da ita za ka cika fam ɗin DS-160 ka nemi ranar ganawa, a Abuja ko a Legas, don ba su da ofishin biza a Kano. Ingila kuwa ba kasafai take kiran mutum ganawa ba, amma dole kamfani mai lasisi ya ba ka lambar shaidar ɗaukar nauyi. Saboda haka duk wanda ya ce kawo kuɗi kawai, in ka isa can a nema maka aiki, ba bizar aiki yake sayar maka ba.

Ganawar Amurkawa ita aka fi tsoro, bari mu ɗauke ta misali. Ba zama za a yi da kai a ofis ba. A tsaye kake, gilashi a tsakaninku, an karɓe wayarka tun daga ƙofa ko an ce ka bar ta waje, an ɗauki zanen yatsunka, kuma 'yan mintuna ne an gama. Jami'in yana kallon fam ɗinka a kwamfuta yana jefo tambaya. Wane kamfani ne? A wane gari yake? Wane aiki za ka yi musu? Nawa ne albashin? Ta yaya kuka haɗu? Me ka karanta? Amsoshin duk suna gabansa. Abin da yake aunawa shi ne ko bakinka da takardarka suna magana ɗaya.

A nan ne ejan yake kai mutane ya baro. Ka ba shi fasfo da kuɗi, ya je shagon intanet ya cika fam yadda ya ga dama. Difloma gare ka a fannin lantarki, ya rubuta digiri. Shekara ɗaya ka yi kana koyon aiki, ya mai da ita biyar. Ba ka da aure, ya ɗaura maka. Ranar ganawa a tambaye ka, kai kuma ka faɗi gaskiyarka tsakani da Allah, sai ta ci karo da abin da aka rubuta da sunanka. Jami'in bai san wani ejan ba, kai ya sani. A dokar Amurka, wanda aka kama da ƙaryar da ta shafi samun biza yana iya shan haramci na har abada. Ingila tana iya hana mutum shekara 10. Don haka ko wa ya cika maka, zauna ka karanta layi-layi kafin a tura. Tun 2019 ma fam ɗin Amurka yana neman sunayen da ka yi amfani da su a Facebook da ire-irensa cikin shekara biyar da suka wuce.

Akwai wata matsalar da ta fi damun mu 'yan karkara, wadda ba ƙarya ba ce, sakaci ne. A takardar NECO kai Muhammad Sani ne, a NIN Mohammed Sani Doguwa, a satifiket ɗin makaranta Sani M. Doguwa. Ranar haihuwa kuwa, da yawanmu malamin firamare ne ya zaɓa mana 1 ga Janairu, daga baya muka canza. Gyaran irin wannan yana cin makonni, wani lokaci watanni. Tun kana aji ya kamata ka jera takardunka a tabarma ka duba su, ba sai an ba ka ranar ganawa ba.

Sai kwantiragi. Mai tafiya Saudiyya ya sani, idan aka sami saɓani, rubutun Larabci ne dokar ƙwadagonsu take dogara da shi. Alhamdu lillahi ba mu rasa malaman Larabci a garuruwanmu ba. Kai wa wanda ka yarda da shi, ba wanda ejan ya kawo ba. A duba sana'ar da aka rubuta maka, domin ita za ta hau iƙamarka. Gyaran dokar da suka yi a Maris 2021 ya sauƙaƙa wa ma'aikatan kamfanoni canza wurin aiki, amma bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba. Injiniya da aka shigar da bizar direban gida, wallahi ya shiga wani hali. 'Yan'uwa mata, wannan ya fi shafar ku. Kuma a tambayi ejan lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In ya fara kame-kame, an gane.

Ko an buga maka biza ma, da sauran rina a kaba. A Nuwamba 2023 jirgin Air Peace ya tashi daga Legas, ya biyo ta Kano, ya sauka Jidda da fasinja 264. Aka soke bizar 177 aka dawo da su. Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce bayanan da aka bayar wajen neman bizar ba daidai ba ne, an karɓi nau'in da bai dace da su ba. Wannan ya isa amsa ga masu cewa ka shiga da bizar Umara kawai ka ɓuya. Ba ta halatta aiki, kuma rayuwar takari, kullum ana gudun 'yan sanda, ba ita ce ta sa aka sayar da gonar gado ba.

Ranar ganawa, ka ba da amsa gajeriya, daidai abin da aka tambaya. In ba ka ji ba, ka ce a maimaita, ba laifi ba ne. Kada ka haddace amsa kamar karatun allo, tambaya ɗaya za a juya ka rikice. Idan aka miƙo maka takarda mai lamba 221(g), ba lalle an hana ka ke nan ba, sau da yawa ƙarin takardu ko bincike ake nufi; karanta ta da kyau. Wanda zai taso daga Doguwa ko Tudun Wada kuwa, kada ya yi lissafin fita da asuba ya ratso Kwanar Ɗangora ya isa Abuja kan lokaci. Ya tafi tun ana gobe, ya kwana a can, da asalin takardunsa da kwafinsu a jaka ɗaya.