Magangarar Ruwa: Daga Rairayin Baure zuwa Farin Ruwa

Magangarar ruwa wuri ne da kogi ke isowa bakin tsauni ya rasa ƙasar da zai bi, sai ya faɗo a tsaye. Abu uku ke haɗuwa kafin a same ta: tudu mai tsayi, da dutse mai tauri wanda ruwa ba ya saurin ci, da ruwan da ba ya yankewa. Ƙasar Baure ba ta da rabo a cikin ukun. Shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa da rairayi har iyakar Nijar, damina wata uku zuwa huɗu, ruwan shekara kuma da wuya ya haura milimita 700. Abin da ya sauka rairayi ya shanye, saura ya kwanta a fadama da kududdufai har rani ya ƙafar da shi. Shi ya sa mutum kan tsufa a Baure ko Zango bai taɓa ganin kogi yana zubowa daga kan dutse ba.

Mai son gani sai ya nufi kudu, ya bi ta Kano, ya ratsa dajin Falgore da Saminaka ya hau tsaunin Jos. Tsayin wannan tudu ya kai kimanin mita 1,280 daga gaɓar teku, ƙololuwarsa a duwatsun Shere ta kai mita 1,829. Iskar damina da ke tasowa daga tekun Atalantika ɗauke da danshi, idan ta ci karo da gefensa na kudu maso yamma, dole ta hau. Tana hawa tana sanyi, sai ta sauke ruwanta a nan. Haka abin yake a tsibiran da ke da manyan duwatsu: a Ureka, kudancin tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, ruwan shekara yakan wuce milimita 10,000, tsibirin kuwa cike yake da magangarai a cikin kurmi. Tsaunin Jos bai kai haka ba, amma daga gare shi kogunan Kaduna da Gongola da Mada suka samo asali.

Yadda magangara ke girma ba baƙon abu ba ne ga wanda ya lura da indararo. Ruwan da ke zubowa daga soro yakan haƙa rami a gindin katanga, in ba a sa dutse ba ya ci gindin har katangar ta zube. Kogi ma idan ya faɗo, da tsakuwa da yashin da ya kwaso, yana nuƙe ƙasan wurin ya haƙa gurbi mai zurfi, yana kuma ƙwaƙular tsaunin ta ƙasa. A hankali leɓen dutsen na sama ya rasa madogara ya karye. Cikin dubban shekaru magangarar tana ja da baya, ta bar kwazazzabo a gabanta.

A gefen tsaunin Jos akwai magangarar Assop kusa da Hawan Kibo, da ta Matsirga kusa da Kafanchan. Can jihar Neja kuma akwai Gurara, a kan hanyar Suleja zuwa Minna, mai tsayin kimanin mita 30, wadda faɗinta da damina ke kaiwa mita 200. Amma wadda ta fi ɓuya, ta kuma fi cancantar wahalar tafiya, ita ce Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa. Tsayinta kimanin mita 150 ne, ya ɗara na magangarar Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, mai mita 108, ko da yake waccan ta fi ta faɗi da yawan ruwa nesa ba kusa ba.

Daga Akwanga ake shiga Wamba, daga nan a kama hanyar ƙauye, ƙarshenta kuma sai a ƙafa. Tun daga nesa ake hango farin layi a jikin baƙin dutse. Da an shiga kurmin bakin rafi rana takan ɓace, iska ta yi sanyi, rugugin ruwan ya riƙa ƙaruwa har sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Feshin ruwan yana jiƙa tufafi tun ba a iso gindin ba, duwatsun wurin kuma gansakuka ta lulluɓe su, santsi gare su ƙwarai. Silifa ba takalmin wannan hanya ba ce. Ana bukatar takalmi mai kama ƙasa, da sanda, da ruwan sha, da ɗan rakiya daga mutanen yankin, kuma kyautatuwa ne a gaida mai gari a ji labarin lafiyar hanya kafin a shiga daji.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci. Da tsakar damina ruwan ya fi cika da ban sha'awa, amma a lokacin ne ya fi haɗari, domin ana iya yin ruwa a kan tsauni alhali sama garau take a ƙasa, sai ambaliya ta iso ba sallama. Idan ruwan ya fara jaja, ko ya zo da ganyaye da karyayyun rassa, barin kwazazzabon nan take ya zama dole. Gurbin gindin magangara ma ba wurin gwada iyo ba ne: ruwan yana juyawa ta ƙasa, kumfar da ke cikinsa kuma tana rage masa ƙarfin ɗaga jikin mutum. Kaka da farkon hunturu sun fi dacewa, ruwa bai janye ba, hanya kuma ta bushe.

Ban da haɗarin ambaliya, akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, shi ke yaɗa cutar makantar bakin kogi. Shekaru da dama ana raba maganin Mectizan kyauta a ƙauyukan yankin, har a 2018 aka dakatar da rabon a jihohin Filato da Nasarawa saboda an katse yaɗuwar cutar. Ƙudan dai yana nan yana cizo, don haka riga mai dogon hannu da dogon wando sun fi.

Amfanin magangara bai tsaya ga kallo ba. Faɗowar ruwa daga sama ƙarfi ne da ke juya injin lantarki, kuma kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, da magangarar Kurra ya riƙa ba ma'aikatan haƙar kuza na Jos wuta. Wannan ƙarfi ya dogara ga dajin da ke saman tsauni. Saiwoyin itatuwa ke riƙe ruwan damina a ƙasa su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani. Inda aka sare su don gawayi da noma, rafi yakan yi ambaliya a watan Agusta, ya koma ɗan siririn ruwa a watan Maris.