Tsoro da kwaɗayi a bakin rumbu

Kaka ta yi, an ɗaure dammuna, hatsi ya shiga rumbu. Wanda Allah ya ba rarar ƴan kuɗi sai ya shiga tunani: tunkiya zai saya, ko wake zai ajiye har bazara, ko kuwa ya ƙulle kuɗin cikin tsumma ya tura ƙarƙashin gado? In ka tambaye shi, zai ce lissafi ya yi. Sau da yawa zuciya ce ta riga lissafi yanke shawara.

Mu fara da tsoro. A shekarar 1979 wasu masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka nuna cewa zafin hasara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciyar ɗan Adam. Wanda ya yar da jika 5 yana jin ciwon da tsintar jika 5 ba ta gusar da shi. Mu nan mun san haka tun da daɗewa, tunda wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ga yadda wannan ciwo ke cutar mai dabba. A ce mutum ya sayi sa jika 150. Damana ta zo da gardama, ciyawa ta yi ƙaranci, kasuwa ta taya jika 120. Sai ya ƙi. Ba don yana da harawar da zai ciyar da shi ba, a'a, don kada a ce ya faɗi. Yana jira, san yana ramewa, farashi yana ƙara sauka domin kowa ya koro nasa kasuwa a lokaci guda. Haka garkuna da yawa suka ƙare a farin 1984, haka kuma a 2010. Kuɗin da aka sayi san da su sun riga sun tafi. Abin tambaya ɗaya ne: nawa zai yi yau, nawa zai yi bayan wata uku in babu abinci?

Kuɗin ƙarƙashin gado ma ba su tsira ba. Ban da gara da gobara, a watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake samu da dala 10 ya koma dala 20. Takardun suna nan yadda aka ƙulle su, amma maganin da takin zamanin da za su saya sun ragu.

Duk da haka kada a raina mai tsoro. Magidancin da hatsinsa ba zai kai shi wata kaka ba, in ya ƙi zuba kuɗinsa cikin abin da bai sani ba, yana da gaskiya, domin faɗuwarsa yunwa ce ga iyali. Maganin irin wannan tsoro shi ne gwaji kaɗan. Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa cikin marfin kwalbar lemo na taki 15-15-15, wato kamar giram 6, a ramin shuka yana ƙara amfanin hatsi. Sai a gwada a kunya goma, a bar sauran gona yadda aka saba, da kaka a auna da tiya.

Kwaɗayi kuwa daga ido yake shiga. A 2005 buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanninmu. Wanda ya ga maƙwabci ya samu, ya bi sahu ya saya da tsada ana dab da girbi, sabon hatsi ne ya karya shi, domin damanar bana ɗin ta yi kyau. Masu albasa a Galmi sun san irin wannan: shekarar da ta yi kuɗi, baɗi kowa sai ya dasa.

Akwai hanyoyin da ke hana zuciya gaggawa. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ya fara a jihar Maraɗi a 1991, yana sa mace ta zuba kaɗan kowane mako bisa ƙa'idar da ƙungiya ta tsayar tun hankali yana kwance. Warantaji kuma, wato jinginar da amfanin gona a magaza a karɓi bashi, yana tsare manomi daga sayarwa da arha da kaka. Amma shi ma ba kowace shekara farashi ke tashi ba. Kafin ka kai buhunka, buɗe littafinka ka rubuta abu uku: kuɗin ruwan bashin, kuɗin ajiya, da farashin da buhu zai kai kafin ka fita ba hasara. Ka rubuta kuma buhu nawa za su zauna a gida don tuwon yara, waɗanda ba za a taɓa ba ko kasuwa ta yi wuta.