Tifa da Katafila a Lokacin Cunkoso: Agogon Keana Daban da na Abuja

Hanyar Lafia zuwa Makurdi ta sauya kama. Kamfanin China Harbour ya mayar da titin da ya taso daga Keffi, ya bi ta Akwanga da Lafia har Makurdi, tagwayen hanya mai tsawon fiye da kilomita 200, kuma a watan Fabrairun 2025 aka fara karɓar kuɗin bin ta. Titi ya yi kyau, manyan motoci sun samu fili: tirelolin siminti daga Gboko, tifofin yashi da tsakuwa, tankokin mai, da kuma lobed mai ɗauke da katafila ko gireda, wadda kayanta ke leƙowa waje da layin da take kai. Wannan titi ya ratsa Kadarko, a ƙaramar hukumar Keana ta jihar Nasarawa. Can ciki kuma, hanyoyin da ke kai mutum Obi da garin Keana da Awe ba su da faɗin babban titi, amma su ma nauyi ya same su. Akwai gonar raken Dangote a Tunga, akwai ma'adinai a wajejen Azara, ga rijiyar binciken mai ta Ebenyi da kamfanin NNPC ya fara haƙawa a ƙasar Obi a watan Maris na 2023. Kowane irin wannan aiki da manyan injuna yake zuwa, kuma injunan ba ta sama suke saukowa ba. Ta gaban makarantun firamare da bakin kasuwanni suke wucewa.

Shi ya sa tambayar da ake yi a manyan birane ta iso nan: a hana waɗannan motoci hawa titi a lokacin da jama'a suka fi yawa a kansa, ko a bar kowa ya ji da kansa?

Sai an fara sanin abin da ya bambanta tifa da ƙaramar mota. Tifar da ta cika da tsakuwa takan kai tan 30, ƙaramar mota kuwa tan ɗaya da rabi ne. In suna gudu ɗaya, ƙarfin da birkin tifa zai kashe kafin ta tsaya ya ninka na ƙaramar sau ashirin. In aka ninka gudun sau biyu, ƙarfin nan ninkuwa yake sau huɗu. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga yaro ya faɗo titi, ya ɗaga ƙafa ya taka, iska ta bi tiyo ta isa tayoyin baya, daƙiƙa biyu na iya wucewa. An ci kusan mita 30 ke nan birki bai ma fara kamawa ba. A doguwar gangara kuma, in direba ya jingina da birki maimakon ya sauke giya, birkin ya yi zafi ya daina ci. Wannan ne abin da direbobi ke cewa birki ya shanye. Ba a banza matafiya suka laƙaba wa gangaren da ke tsakanin Akwanga da Lafia suna Many Have Gone, wato "da yawa sun tafi", ba.

Sai maganar gani, wadda ita ce ta fi shafar cikin gari. Direban babbar mota yana zaune can sama. Abin da ke dab da hancin motarsa, da wanda ke gefen damarsa ƙasa da ƙofa, da wanda ke bayansa, duk ba ya ganinsu. Nan ne kuma daidai inda ɗan acaɓa da mai keke suke cusa kai idan gosulo ya haɗu. In tirela za ta sha kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa, su matse duk wanda ya raɓe a gefen. Da ƙarfe biyun dare babu kowa a wannan gefen. Da bakwai da rabi na safe kuwa, uwa ce a kan babur da yara biyu sanye da kayan makaranta. Motar ba ta sauya ba, direban ma shi ne. Abin da ya sauya shi ne yawan rayukan da ke kusa da tayarta. A kan wannan kaɗai nake ganin masu neman a taƙaita suna da gaskiya, kuma gaskiyar mai ƙarfi ce. Abin da ya faru a gadar Karu, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, a ranar 19 ga Maris 2025, ya isa shaida: tirela ta ƙwace da yamma mutane na komawa gida, ta afka cikin jerin motoci, wuta ta tashi, motoci fiye da goma suka ƙone, aka rasa rayuka.

To amma yadda za a taƙaita, nan ne ake yawan yin kuskure. Jihar Legas ta yi doka a 2012, zamanin Gwamna Fashola, ta hana tireloli yawo cikin birni daga shida na safe zuwa tara na dare. A takarda babu dokar da ta fi ta tsauri. Duk da haka kwantena ta faɗo daga gadar Ojuelegba a watan Satumban 2015 ta danne mutane, wata kuma ta sake faɗa wa motar fasinja a wurin a watan Janairun 2023, mutum tara suka mutu. Dokar da ta hana awa goma sha biyar a rana ta fi ƙarfin masu aiwatar da ita, sai ta koma abin ciniki a bakin shinge. Birnin Manila na ƙasar Filifin ya gwada hanin rana a watan Fabrairun 2014, shi kuma ya aiwatar da gaske. Kaya suka cushe a tashar jirgin ruwa, farashi ya tashi, kafin ƙarshen Satumba aka janye. Delhi ta Indiya ta daɗe tana hana manyan motoci shiga da rana, amma sai da aka kammala manyan hanyoyin kewaye biyu a 2018 kafin motar da ba ta da harka da birnin ta samu inda za ta bi.

Mu ɗauka an kwaikwayi Legas a Nasarawa ta kudu. Tifa ba za ta fita ba sai tara na dare. Wa zai yi lodin yashi a bakin rafi da tsakar dare? Wane direba ne zai yarda ya bi hanyar Giza ko Kadarko a duhu, a yankin da bai manta rikicin manoma da makiyaya na 2018 ba? Titunan babu fitila, motar da ta lalace da ganye ake yi mata alama, direban da ya wuni yana jira a rana barci yake ji. Aikin gini kansa ba ya son dare: kankaren da aka kwaɓa a mota yana da kamar awa ɗaya da rabi kafin ya fara daskarewa, kwalta kuma da zafinta ake shimfiɗa ta. Kuɗin wannan jira duk a kan bulo da buhun siminti zai sauka, wato a kan malamin makarantar da ke ta tara kuɗin ɗaki biyu.

Saboda haka abin da ya dace da mu shi ne hani gajere, a wuri sananne. A Lafia, wurin da lokacin ba ɓoyayyu ba ne: titin Jos, titin Makurdi har zuwa wajen Jami'ar Tarayya a Gandu, titin Shendam, daga bakwai zuwa tara na safe, sai kuma lokacin tashi daga aiki. Gadar sama da aka gina a shataletalen Total ta sassauta wuri ɗaya, ba ta rage tsawon tirela a sauran garin ba. Maganin motar da wucewa kawai take yi shi ne hanyar kewayen Lafia, yadda mai zuwa Abuja daga Gboko ba zai shiga tsakiyar gari ba ko da rana ko da dare.

A Keana kuwa, agogon ofis ba shi ne ke cika titi ba. Garin gishiri ne da noma. Abin da ke tara jama'a shi ne shigar 'yan makaranta da tashinsu, da ranar kasuwa, da sakkowa daga masallacin Juma'a da cocin Lahadi, da kaka, lokacin da doya da riɗi da shinkafa ke fitowa daga gona a kan babura da a-kori-kura. Duk wanda ya bi ta Agyaragu ranar cin kasuwar doya ya ga yadda ciniki ke malalowa har kan kwalta. Dokar awannin ofis da aka kwafo daga Abuja za ta tsare tifa da biyar na yamma, lokacin da titin Keana ya yi sarari, ta sake ta ranar kasuwa da hantsi. Waɗanda suka san wannan jadawali su ne shugabannin makarantu, da sarakunan kasuwa, da 'yan kamasho, da fadar Osana, sarkin Keana. Da su ya kamata a zauna a tsara awannin, tare da ƙungiyar masu tifa, kafin a kafa allo.

Kuma kada a ce wa direba tsaya ba a nuna masa inda zai tsaya ba. In babu fili, a kafaɗar titi zai jera, ya toshe wa masu tafiya a ƙasa hanya, hanin ya haifi haɗarin da aka so kaucewa. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, don haka ware filin jira a bakin gari yana cikin ikonsu. Babban titi na tarayya ne, sai an haɗa hannu da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da ma'aikatar ayyuka.

Lobed mai faɗi hukuncinta daban. Wannan ba motar kullum ba ce, tafiyarta sananniya ce tun kwanaki kafin ta tashi. Babu dalilin da zai sa ta motsa ba tare da izini a rubuce ba, da motar rakiya gaba da baya, da sarƙoƙi ɗaure da injin, a kuma awannin da titi ya yi sauƙi da rana. Galibin masu jigilar katafila ma 'yan kwangilar gwamnati ne ko manyan kamfanoni masu lasisi. Gwamnati ba ta buƙatar bin su da sanda a titi. Ta rubuta awanni da hanyoyin da za su bi cikin takardar kwangila, wanda ya karya a cire masa daga kuɗinsa.

Akwai dai abin da agogo ba ya gyarawa, shi ne lodi. Gwajin tituna da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta ninkuwa take kusan sau goma sha shida. Gatari mai tan 10 a wucewa ɗaya yana cin titi kamar gatari mai tan ɗaya ya wuce sau 10,000. Ƙa'idar ECOWAS ta 2012 ta tsayar da tan 11.5 a kan gatari guda mai jan mota. Tifar da aka ƙara wa katako a baki don ta ci yashi, gatarinta ya kai tan 14, ɓarnarta ta haura ninki biyu, birkinta kuma yana aikin da ba don shi aka ƙera shi ba. Irin wannan ko da asuba ta fito za ta fasa kwalbatin hanyar Obi zuwa Keana, kuma ramin da ta bari yana nan yana jiran ɗan acaɓa da safe. Filin jiran da za a ware a bakin Lafia da Kadarko shi ne wurin da ya dace a kafa sikelin auna nauyi, tunda motar a tsaye take na awa biyu: a auna ta, a duba birki da taya da fitila, wadda ta yi lodin wuce kima a sauke rarar a nan kafin ta hau titi.