Jakin Dawa a Kan Teku: Darasin Ilmin Halittu Cikin Tsofaffin Hotunan Jiragen Yaƙi

Gabatarwa

Daga cikin hotunan da masu tara tsofaffin hotunan jiragen ruwan yaƙi suka fi rububi, akwai waɗanda aka ɗauka a shekarun 1917 da 1918. A cikinsu ana ganin manyan jirage an zane su tun daga goshi har ƙarshe da ratsi-ratsi, wasu a karkace, wasu a lanƙwashe, tamkar jikin jakin dawa. Ɗalibi zai iya tambaya: jirgin da ke gudun idon abokan gaba, me ya kai shi irin wannan ado? Amsar tana da tushe cikin ilmin halittu.

Matsalar da aka fuskanta

A watan Fabrairu na 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamus ta ba jiragenta masu nutso izinin harbin duk jirgin da ke kai kaya Ingila. A watan Afrilu kaɗai an nutsar da jiragen da jimillarsu ta haura tan 800,000, har aka fara fargabar yunwa. Ɓoye jirgi a sararin teku kuwa abu ne mai wuya, domin hayaƙinsa yakan tona asirinsa, launin sama da na ruwa kuma suna sauyawa.

Sai dai maharbin yana da nasa rauni. Nakiyar da yake harbawa takan ɗauki lokaci tana gudu cikin ruwa, saboda haka dole ya auna inda jirgin zai kai, kamar yadda mai baka yake auna gaban barewar da ke gudu. Kafin ya yi haka sai ya ƙiyasta nisan jirgin, da saurinsa, da inda ya dosa, duk ta cikin ɗan madubin leƙe. In ya kuskure ƙiyasi, nakiya ta tafi a banza.

Daga daji zuwa teku

Tun a watan Satumba na 1914, John Graham Kerr, shehun malamin ilmin dabbobi a Jami'ar Gilasgo, ya rubuta wa Mista Cocil, wanda a lokacin shi ne ministan sojan ruwa. Ya ba da misali da jakin dawa da raƙumin dawa, ya bayyana cewa zane mai ƙarfi yakan wargaza siffar dabba a idon mai kallo, har ya kasa tantance iyakar jikinta. An gwada shawararsa a kan wasu jirage, daga baya aka yi watsi da ita.

A 1917 wani mai zane, Norman Wilkinson, ya kawo tsarin fentin ruɗa-ido, hukuma ta karɓa. A Landan aka riƙa sassaƙa ƙananan jirage na katako, a yi musu fenti, a duba su ta madubin leƙe, kafin a kwaikwayi zanen a kan jirgi na gaske. Kafin ƙarshen yaƙi Ingila ta yi wa jirage fiye da 2,000 wannan fenti, Amurka kuma fiye da 1,200. A 1922 aka ba Wilkinson ladan fam 2,000, Kerr bai sami komai ba.

Shin dabarar ta yi aiki?

Kwamitin da sojan ruwan Ingila suka kafa a 1918 bai sami tabbatacciyar hujja ba, sai dai ya lura fentin yana ƙarfafa zukatan matuƙa. A 2011 masana a Jami'ar Biristol sun nuna cewa irin wannan zane yana rikita ƙiyasin sauri ne idan abin yana gudu ƙwarai, fiye da yadda jirgin ruwa yake tafiya. Shi kansa jakin dawa, binciken Tim Caro da abokan aikinsa a 2014 da 2019 ya nuna ratsinsa ya fi amfani wajen hana ƙudaje masu cizo sauka a jikinsa. Wato ra'ayi komai daɗinsa a kunne, sai gwaji ya tabbatar da shi.

Darajar hotunan da kula da su

An daɗe da sake wa jiragen fenti ko farfasa su, don haka hotuna da zane-zane da ƙananan jiragen katakon da ke Gidan Tarihin Yaƙi na Landan su ne shaidar da ta rage. Mai tarawa ya sani cewa hoton baƙi da fari yana ɓoye shuɗi da kore da aka yi amfani da su, kuma zanen gefen dama na jirgi yakan bambanta da na hagu. Wannan kan sa a zaci jirgi ɗaya jirage biyu ne.

Hoton kansa abinci ne ga wasu halittu. Fuskarsa an shafe ta da wani danƙo da ake tatsowa daga fata da ƙasusuwan dabbobi, wanda fumfuna da asu da kyankyaso suke ci. Fumfuna takan bunƙasa idan laimar iska ta haura kashi 65 cikin 100, abin da ke faruwa a yawancin ɗakuna da damina. Wannan ya shafi gidajen da ke riƙe da hotunan sojojin Afirka ta Yamma da aka kwasa cikin jiragen ruwa zuwa Indiya a 1943 da 1944 domin yaƙin Bama. A ajiye hoto a wuri busasshe mai sanyi, nesa da rana da bango mai jiƙa. A riƙe shi ta gefe, a rubuta bayaninsa a baya da fensir, kada a liƙa shi da gam, sannan a ɗauki kwafinsa a kwamfuta.

Kammalawa

Malami na iya nuna wa ɗalibai irin wannan hoto, ya sa su yanka kwali biyu masu siffar jirgi, ɗaya mai ratsi, ɗaya toka-toka, a ajiye su nesa a karkace, kowa ya faɗi inda suka dosa, a ƙidaya masu kuskure.