Narambaɗa na Isa da Findar na Girka: Waƙar Doki, Yabon Sarki

A ƙasar Isa har gobe ana sauraron Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir Ahmadu. Manazarta suna sanya shi cikin makaɗan fada, amma ya yi wa dokin sukuwa waƙa sukutum, wato "Dokin Iska".

Turai ma ta san wannan hanya. A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, mawaƙin Girka Findar yana yi wa sarakunan da dawakinsu suka ci tsere waƙa, irin su Hiyero na Sirakus, ƙungiyar mawaƙa kuma ta rera. Tsakanin Narambaɗa da Findar ba wanda ya koya daga wani. Fada ce ta haɗa su: akwai ubangida mai kyauta, akwai magabta, akwai taron da za a burge.

Gwanintar Narambaɗa tana cikin siffantawa. Sarki yakan zama giwa ko gulbi, ɗan sarki mai jiran gado kuwa ya sha zambo da habaici, 'yan amshi na maimaita gindin waƙa har hoton ya zauna a zuciya. Nan ya yi wa tsararrakinsa nisa.

A 2009 Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya wallafa littafi guda a kan Narambaɗa.